Ɗiyan Duma Uku

A yau idan ka shiga gida a Jabo, roba da kwanon silba za ka tarar a madafa. A lokacin ƙuruciyarmu duma ne ke riƙe da gida: masaki na dama furar taro, ludayi na sha, buta ta alwala. Kowanne da irinsa, kuma a unguwarmu kakata Inna Ige ce mai ajiye su.

Da kaka, bayan sallar magariba, takan hura wuta a bakin ɗakinta, ta zauna tana fafe duma, mu jikoki muna tsince iri. Ba ta ɗaukar iri don girman ɗa kawai. Sai ta ƙwanƙwasa ta ji kaurin baya, ta tuna gindin da ya yi 'ya'ya a shekarar da ruwa ya yi gardama. Ta cuɗa irin da toka, ta ƙulle kowanne a tsummansa. Ludayi takan shuka a bayan gida, buta a fadama, masaki kuwa sai ta aika wa ƙanwarta a Kebbe. Na taɓa tambayarta dalilin wannan wahala.

"Wanga miji nau da tambaya awa alƙali," ta ce. "Matso ka ji, ko da dai kunnuwanka na ado ne."

Wai Duma tana da ɗiya mata uku. Masaki mai faɗi ce, haihuwarta biyu ko uku, amma kowane ɗa ƙato. Ludayi mai dogon wuya ce, tana zuba 'ya'ya rututu. Buta kuwa ga ƙugu. Uwar ta aurar da su garuruwa masu nisa. Da ta rasu, sai ƙaninsu ya gaji da tafiyar zumunci, ya kwaso su ya zuba a gida ɗaya. Akwai wani ƙwaro mai yawon almuru, yana bin ɗaki ɗaki, ya ɗauki maganar wannan ya kai wa waccan. Jikokin da aka haifa sai ga wuyan Ludayi a kan cikin Masaki.

"Ba su ɗiba, ba su riƙewa," in ji Inna. "Mi za a yi da su?"

Mu dariya muka yi, don har da kwaikwayon tafiyarsu take yi.

Wajen lokacin samun mulkin kai na dawo gida da ɗan ilimin boko da igiyar awon gona. Ƙafafun Inna sun gaza, sai ta danƙa mini tsummoki uku. Na ga rashin dabara ne a warwatsa shuka har Kebbe. Na ja layi uku a gona ɗaya, tsaf, na shuke irin duka. A damanar nan masaki ya fito masaki, ludayi ya fito ludayi. Na kai mata da alfahari. Ta juya su a hannu, ta tambayi inda na shuka, na faɗa mata.

"Uwayen ne kag gani," ta ce. "Jira ɗiyansu."

Ba ta ga ɗiyan ba, da rani ta rasu. Ni na gan su da na shuka irinsu damana ta biyu: karkatattu, masu siririn baya, ana sa wuƙa suna darewa. Na tafi Kebbe neman tsohon iri, na tarar ƙanwarta ta daina shuka tun da Inna ta daina aikawa, ga kwanoni kuma sun cika kasuwa. Haushi ya sa na zubar da gaurayen irin.

Daga baya aiki ya kai ni ƙasashe. Na duba duma a Agadas, na tambaya da Larabci a Sudan, da Faransanci a Yamai. Na ga manyan masakai, amma ban sami mai kaurin na Inna ba. A wata gonar gwaji na ga masana suna ɗaure furen duma a jaka don kada ƙwaro ya kai masa garin wani fure. Ɗayansu ya ce mini ko gaurayen iri, idan aka yi haƙurin zaɓe shekara da shekaru, ana iya tsamo kamannin iyayen. Ban gaya masa abin da na yi da nawa ba.

Inna ba ta san sunan abin da take yi ba, tatsuniya kawai ta iya ba ni, ni kuma na ɗauke ta abin dariya. Masakin da iyayenta suka yi ta zaɓa tun kafin a haife ta ya ƙare a hannuna cikin damana biyu. Ba a ƙara shuka irinsa a Jabo ba.