Haƙori Goma Sha Ɗaya

A kasuwar Boɗinga, bayan 'yan albasa, ga wani maƙeri gajere mai yatsu tara zaune gaban babur ɗin da Baturen gona ya yasar a Kajiji. Damina uku ya yi a can, har zanzaro ya gina ɗaki biyu cikin fitilarsa. Komai ya gyaru sai kusar da ke riƙe ƙafar baya: haƙoranta sun cinye, noti sai juyawa, ba ya kamawa.

Ya danne kusar da yatsan ƙafa yana fitar da sababbin haƙora da magagari. Goma ya gama, yana kan na sha ɗaya. Yadda yake hure garin ƙarfe ba ya ko ɗagowa, da gani an sha gaya masa iyakarsa lauje.

Wani direban lori ya tsaya, mutum takwas na bayansa suna jiran abin dariya.

"Baba maƙeri, wagga sai an aiko daga Ingila. Koma ma ƙirar kalmen noma."

"Ƙarhen Ingila ba wuta yash sha ba, ɗana?"

Maƙerin ya ƙarasa na sha ɗaya, ya ɗora noti yana murzawa, har ya cije tamau. Sai ya miƙa wa direban.

"Ungo. Kwance shi mu gani."