Gambar da Na Ƙi Yankewa

A shekarun farko bayan Faransawa sun miƙa mulki, ni saurayi ne mai ƙarfi da taurin kai, a wani ƙauye tsakanin Maijirgi da Baudeta. Gyaɗa ce ke tashe a lokacin, kowa idonsa ya buɗe, ni kuwa gani nake duk garin babu mai wayona. Yau na tsufa, na rubuto muku ne don abin da na ɓoye ya ishe ni.

Muna da al'ada, idan kaka ta yi mai gari yakan raba wa kowane gida yanki a bakin daji, a share ciyawa tas har ƙasa ta fito, don gobarar daji in ta taso ta iske fili ta tsaya. A bayan wannan sharar muke tara gyaɗa da harawa da dammunan hatsi. Yankin gidanmu ya faɗo kan gamba doguwa mai kyau. Na ce a raina wannan ai zana ce ta kaiwa kasuwar Tasawa, ba zan yanke ta tun ba ta gama ƙosawa ba. Na share gefen da ake hangowa daga hanya, na bar sauran, na je na gaya wa mai gari na gama. Har albarka ya sa mini.

Wata rana da azahar wuta ta taso daga gabas, iska na kora ta. Duk inda ta iske shara ta mutu, sai ta wurina ta ƙetare. Kafin mu iso, tarin gyaɗar gidaje da yawa ya zama toka, jakin maƙwabcinmu ya ƙone a turke. Mutane suka haukace. A bakin gambar muka iske wani makiyayi da ke sauka a gonakinmu kowace kaka shanunsa su yi mana taki, mutumin da na sha nono a rugarsa ba sau ɗaya ba. Ɗanyen reshe ne a hannunsa, ƙafafunsa sun ƙone har fata ta sale, ashe shi kaɗai yake ta bugun wutar. Wani ya ce shi ne ya kunna. Ya rantse da Allah ba shi ba ne, ya nuna tushen gambar yana cewa a duba, nan ba a share ba. Sai ya juyo ya dube ni, na ga zai kira sunana.

Ni na fara dukansa. Na ɗaga ƙotar hauya na sauke masa a baki, na ji ƙarar haƙora, jini ya fantsamo mini a riga. Da ya faɗi sanduna suka rufe shi, ni ma ban daina ba, don ina tsoron ya tashi ya ƙarasa maganar. Matarsa ta zo da gudu ta faɗa kansa, ita ma ta sha nata a kafaɗa. Da ƙyar dattawa suka janye mu. An ɗora shi a raƙumi za a kai shi likita a Tasawa, bai kai ba, ya cika a hanya.

Jandarmomi sun zo, gari ya yi baki ɗaya, ba wanda ya ga komai. Makiyaya suka ƙaurace mana, gonaki suka rasa taki suka gaji, zabi da bareyi suka bar dajin. Ni kuwa aka riƙa yaba mini wai na nuna zuciya, kuma wannan yabon ya fi komai ci mini rai.

Yanzu ina ganin samari ana biyansu suna share hanyar wuta, suna dasa itatuwa don namun daji su dawo, wasunsu suna ha'inci suna dariya. Ina roƙonku, wanda aka ba yanki ya share shi har ƙarshe, ko ya fito ya ce bai yi ba. Kuma idan taro ya rufe mutum da duka, ku dubi wanda ya fara ɗaga hannu, wataƙila shi ne mai laifin. Na yi shekaru ina neman iyalan mutumin nan a kasuwannin Mayahi, inda na ji sun koma, don in roƙi gafara. Ban same su ba, kuma ban san wanda zai yafe mini a madadinsu ba.