Murhun da Ya Cinye Hutuna

Shekara uku da 'yan watanni na yi ina tuƙa motar wani gida a Mesaimeer, wata unguwa a Doha, ban leƙa Najeriya ba. Da farko korona ce ta rufe hanya. Da aka buɗe, kafil ɗina, wato maigidan da ya kawo ni aiki, ya ce in bari yara su gama jarrabawa. Da suka gama ya ce in bari a gama gasar ƙwallon duniya, don gidan zai cika da baƙi. Na gaji da jin "bayan kaza" har na daina tambaya. Amma wannan karon a gaban matarsa ya faɗa: washegarin wasan ƙarshe in tafi, wata biyu cur.

Ba kewar tuwo ce ta sa nake ƙirga kwanaki ba. Babana ne. Mai injin niƙa ne a Funtuwa tun kafin a haife ni, kuma ciwon ido ya kama shi, irin wanda likita ya ce ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama yana ganin mutum in ya matso kusa. Duk sanda muka yi waya maganarsa ɗaya ce: "Ka zo in gan ka tun ina gani."

Ana tsakiyar gasar sanyi ya fara shigowa da yamma, kafil ya sa aka kafa tanti a farfajiya don baƙinsa su riƙa kallon wasa. Sai ya tuna da murhunsa. Wani baƙin akwatin ƙarfe ne mai gilashi a gaba, ya sayo shi daga Turai dab da korona don ɗumama tanti. Ba ya cin gawayi, ba ya cin itace irin namu. Abincinsa wasu 'yan ƙwayoyi ne na garin katako da aka matse, kamar abincin kifi. A zuba su a mazubi ta sama, wani murɗaɗɗen ƙarfe a ciki yana juyawa yana turo su kaɗan-kaɗan cikin wuta.

Aka jona shi. Fanka ta tashi, ƙwaya biyar ko shida suka faɗo, daga nan shiru. Sai wani gurnani daga cikinsa, wuta ta lashe abin da ta samu ta mutu. Kamfanin da aka kira suka ce ba su da mai zuwa sai bayan gasa.

Kafil ya tara mu ya tambayi wanda ya taɓa murhun a baya. Mai gadinmu, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da nake kira Kawu, ya ɗaga hannu. Lokacin korona uwargida ta kafa doka cewa duk abin da ya shigo gidan sai an fesa masa maganin kashe ƙwayar cuta, daga ledar burodi har tayar mota. Kawu mutum ne da in aka ce ya share ɗaki sai ya haɗa da rufi. Ya cika mazubin da ƙwayoyin, ya yi musu feshi har suka jiƙe, ya rufe. Bayan nan aka hana taro, murhun ya shiga sito ya kwashe shekara biyu yana shan gumin Doha.

Uwargida tana tsaye, ta kawar da kanta gefe. Kafil ya dubi Kawu ya ce tsufa ya zo, in murhun ya mutu to khalas, shi ke nan, ƙarshen wata ya haɗa kayansa.

Da aka watse na leƙa mazubin na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar dusa. Nan take na koma shagon Babana, inda na yi shekara tara ina zuba hatsi ina tsine wa garin da ke shiga hancina. Don in rabu da inji na koyi tuƙi, ga shi ya biyo ni har ƙasar Larabawa.

Kawu ya ga yadda nake kallon abin, ya kama hannuna.

"Ɗana, kada ka taɓa shi. A gidan nan duk abin da ka nuna ka iya, ya zama naka har abada. Ka yi tafiyarka, tsohonka na jira."

"Kai fa, Kawu?"

"Ni na ci nawa zamanin."

Ƙarya yake yi, mun sani mu duka biyun. Sau nawa ya ce mini in ya koma bai san ɗakin da zai kwana ba. Na so in ji maganarsa, wallahi na so. Na yi kwana guda ina wuce murhun ina kau da kai. Washegari bayan azahar, da na dawo daga kai baƙi Corniche a bakin teku, na tsinci kaina a tsugune da sifana a hannu, ina jin haushin kaina da karambanina.

Na cire wuta, na kwashe ƙwayoyin sama da kofi, na kwance bayan murhun. Ban san ko injin da ke juya ƙarfen ne ya ƙone ba, ko wani abu daban. Sai na kira Babana. Na ba shi labarin duka, har da na Kawu.

"Kunna shi, ka sa mini wayar a jikinsa," in ji shi.

Na kunna. Ya saurara kamar minti guda.

"Kashe, kashe, kada ka ƙona shi. Lafiyarsa lau. Yana so ya juya, an riƙe shi ne. Jiƙaƙƙen abu ya ci ya bushe a cikinsa. Raba injin da ƙarfen ka gwada shi shi kaɗai."

Na raba su. Injin ya juya sumul. Ƙarfen kuwa ya kafe a cikin bututunsa, garin katakon ya kumbura ya daskare kamar siminti. Na ce zan zuba ruwa ya yi laushi.

"Ruwan da ya kashe shi za ka ƙara masa? Shekara tara a shagona, ashe gari kawai ka shaƙa."

Na ce to in buga da guduma.

"In ka lanƙwasa shi ka gama. Ka samu dogon ƙarfe siriri ka riƙa sassaƙa. In ka ɗan samu sarari, ka murɗa baya, ka murɗa gaba. Inji ba ya son fushi."

Kwana biyu na yi a kai. In kai baƙi tashar jirgin ƙasa, in dawo in tsuguna. A kira ni in ɗauko wani daga unguwar Al Mirqab, in wanke hannu in tafi, in dawo in sake tsugunawa. Bayana ya riƙe, idanuna suna yaji don rashin barci. Sukudireba ta zame ta yanke ni a gindin babban yatsa, Kawu ya ɗaure mini da tsumma yana faɗa. A rana ta biyu da la'asar ƙarfen ya motsa, ya yi ƙara, ya fito a hannuna. Na kankare shi, na goge bututun, na shanya su har suka bushe ƙayau, na mayar da kowane ƙusa wurinsa. Na zuba sabbin ƙwayoyi daga buhun da ba a buɗe ba, na sake kiran Babana na sa masa wayar.

Suka fara faɗowa ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, kamar masara a faranti. Wuta ta kama.

"Yanzu yana ci," in ji Babana. Na ji daɗi a muryarsa irin wanda na daɗe ban ji ba.

Kafil ya zo ya ga wuta, ya dafa kafaɗata yana dariya, yana ce wa baƙinsa ashe injiniya yake da shi a gida bai sani ba. Ya ce Kawu ya koma bakin ƙofarsa. Sannan ya juyo gare ni. Bayan gasa za su fita sansaninsu na hamada kamar kowace shekara, har sanyi ya wuce. Da can ba a bukatar direba a can, 'ya'yansa ke tuƙi. Amma bana da murhun za a je, kuma ba wanda zai sake taɓa shi sai ni. Hutu yana nan, in an dawo.

Na ce masa mahaifina ba ya da lafiya. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, da gaske kuma yake nufi, ya ce yalla, maza in kawo mota. Kawu bai dube ni ba ranar, ni ma ban dube shi ba. Ban yi nadama ba, ban kuma ji na yi abin kirki ba. Gajiya kawai na ji.

Sai da zafi ya dawo na isa Funtuwa. Na sami Babana a kan benci a ƙofar shago, ƙanena ne ke niƙa a ciki. Na yi sallama, ya amsa ya juyo, fuskarsa tana kallon ɗan gefena. Na durƙusa dab da shi, kusa yadda aka ce yana gani. Ya miƙo hannu ya laluba goshina da gemuna, ya sauko ya kama hannuna, yatsansa ya tsaya a kan tabon.

"Na murhun ne wannan?"

"Nasa ne, Baba."

"Yana ci dai?"

"Yana ci."

Na fara cewa da na sani da ban kira shi ba ranar. Ya katse ni.

"Ni na sani ai. Tun da na ji shi a waya na san in ya tashi ba za su sake ka ba. Amma ka ce akwai dattijo a cikin lamarin."

Bai saki hannuna ba. Ya ce in gaya masa ko na yi furfura.