Da Sauƙi Na Ce Musu

Shekarar da mota ta kaɗe maigidana a hanyarsa ta dawowa daga ofis, muna zaune a unguwar Al Nahda ta birnin Sharjah, ɗaki ɗaya a gidan da muke haya tare da wasu 'yan Nijar. Ƙafar ta ɗoru, hannun ya warke, kan ne bai dawo daidai ba. Mutumin da ko ƙuda ya gifta sai ya tanka, ya koma yini gaban taga yana kallon motocin Sharjah.

Lauyanmu, wani Bamisire mai yawan "yalla", wato "maza-maza", ya ce ban da kuɗin asibiti ni ma ina da diyya, ta hira da zaman tare da na rasa. Sai dai in faɗa da bakina gaban mutanen inshora.

Ranar zaman aka kawo tafinta, wani dattijo Bahaushe. Matar inshorar ta tambayi jikin mijina.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi," na ce.

To me zan ce? A wajenmu ko mutum na gargara, da sauƙi ake cewa. Dattijon ya san haka sarai, amma ya juya mata yadda na faɗa, ta rubuta. Ta tambayi abin da ya canza tsakaninmu. Ni in zauna gaban sa'an ubana in kwance sirrin aurena? Na sunkuyar da kai na ce babu komai.

Da muka fito lauyan ya ce, "Khalas, shi ke nan, madam. Da bakinki kin ce ya warke."

Na dawo gida raina a ɓace, na rasa haushin wa zan ji. Tun aurenmu bai taɓa cin miyata bai yi mini tsiya ba. "Hajiya, kyauta ake ba ki gishirin nan?" Ranar na kaɗa kuka, na ɗebo gishiri cikin hannu na zuba da gangan, har ni kaina na kasa kai loma. Na ajiye masa, na zauna ina jiran tsiyar. Ya cinye tas, ya wanke hannu, ya koma taga.

Kewarsa ta kama ni, alhali ga shi a gabana. Na tsaya riƙe da kwanon, ina tunanin shi ya kamata in kai wa matar inshorar nan.

Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Yaya, ya mai jiki?"

Na buɗe baki in ba ta amsar kullum, ta ƙi fitowa.