Babban Lilo da Kwalbar Man Shanu

Ƙanshin man shanu da na buhunan riɗi ne ke fara zuwa mini idan na tuna ranar. Shekarun baya, ban daɗe da gama firamare a Dutse ba, aka loda mu da sassafe a bayan wata a-kori-kura, ni da ƙannena mata biyu da mahaifiyata, mahaifina kuma yana gaba kusa da direba. Kano za mu, wurin wasan yara. A tsakanin ƙafafuna aka ajiye kwalbar man shanu da aka toshe bakinta da totuwar masara, tsarabar goggona, wadda a gidanta za mu kwana.

Asalin tafiyar alkawari ne. Wata 'yar ajinmu ta taɓa zuwa da hotonta a gaban wani babban lilo mai kama da tayar keke, kujeru na rataye a jikinsa. Ta ce idan ya kai mutum sama har dutsen Dala yana gani. Tun daga ranar na cika bayan littattafaina da zanensa. Mahaifina malamin makaranta ne, ya ce idan na ci jarrabawar shiga sakandare zai kai ni. Na ci, aka ba ni makarantar kwana, saura kwanaki in tafi. Na kuma san da zarar na saka dogon hijabin 'yan sakandare, maganar lilo ta ƙare.

Mahaifina ya tsara tafiyar yadda ba za ta ci kuɗi ba. Motar ta abokinsa ce mai kai riɗi kasuwa, ba za mu biya ko kwabo ba. Abinci daga gida, dambu da zogale, da jarkar zoɓo. Babbar dabarar tasa kuwa ita ce ranar. Ya ce masu zuwa da Sallah cunkoso kawai suke saye da tsada, mu sai an kwana goma da Sallah za mu je, ranar Talata, lokacin da kuɗin ƙofa ya sauka.

Mahaifiyata ba ta ga amfanin abin ba. Ta ce ita ba ta gane yadda mutum zai biya kuɗi a juya masa kai ba. Ni ce 'yar fari, ita kuma Bafulatana ce mai tsananin kunya. Ba ta kiran sunana, ba ta yaba mini, ko magana za ta yi da ni sai ta bi ta kan ƙannena: "Ku ce wa waccan ta zo ta ci abinci." Ranar da sakamakona ya fito ma, abin da ta ce kawai shi ne a rage ihu, maƙwabta na ji.

A ƙofar wurin wasan, lissafin mahaifina ya fita daidai. Ya juyo yana murmushi, ya ce, "Kun gani ko?"

Muka shiga, muka tarar da shiru. Ga dawakan katako a tsaye, ga ɗan jirgin ƙasa a kan layinsa, ga babban lilon nan ya fi na hoto girma, amma babu abin da ke motsi sai wata akuya. Wani dattijo mai kula da injuna yana zaune a benci da rediyo a kunne. Ya ce tun jiya babu wuta, janareta kuma ba a tayar da shi sai mutane sun taru yadda za su mayar da kuɗin mai. Mahaifina ya ja shi gefe suka daɗe. Kuɗin man da dattijon ya faɗa ya fi duk abin da ke aljihun mahaifina. Ya dawo ya cire tabarau yana gogewa, ya kasa kallona.

Can sai ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa mahaifiyata, ya ce mu hau dawakan. Ya dafa ƙarfen ya fara turawa, yana gudu yana zagayawa da mu, mutumin da yaran unguwa ke ɓuya idan sun hango shi. Hularsa ta faɗi, ƙannena na ta ƙyalƙyala dariya suna cewa Baba ya ƙara. Mahaifiyata ta ce, "Malam, ka dai tuna da bayanka," tana rufe baki da gyale. Ni ma na yi dariya har da hawaye, amma duk zagayen da muka yi sai idona ya koma kan lilon.

Bayan mun ci dambu a gindin wata darbejiya, na zagaya bayan bishiyar na ɗaga hannu. Duk addu'ar da aka koya mana a islamiyya sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Na yi wa Allah alkawarin azumin kwana uku. Na ji mahaifiyata ta ɗauki buta da jakarta ta ce za ta nemi wurin alwala, ban ko buɗe ido ba.

Sai na ji inji ya yi tari sau biyu, ya kama. Dattijon nan ya taho yana goge hannu, ya ce, "Ina yarinyar da ta ci jarrabawa?"

Ko tambayar kaina ban yi ba a ina ya ji. A wurina addu'a ce ta ci, shi ke nan. Ya ce ƙannena sun yi ƙanƙanta, mahaifina kuma jiri bai sake shi ba, don haka ni kaɗai na hau. Ƙasa ta riƙa ja da baya. A zagaye na uku ya tsayar da ni can sama. Na ga Dala, na ga rufin kwano jajaye ba iyaka da hasumiyoyin masallatai, wata shirwa kuma tana shawagi a ƙasa da ni. Iska ta cika mini ɗankwali. Da na leƙa, mahaifina da ƙannena na ɗaga hannu. Mahaifiyata tana gefe tana ɗaure kwanuka, kamar ba da ita ake ba, sai dai kanta a ɗage yake.

A gidan goggo aka nemi tsaraba aka rasa. Mahaifiyata ta ce kwalbar ta fashe a mota. Goggo, yayar mahaifina ce kuma ba ta raga wa kowa, ta ce yau ta ga Fulanin da suka zo hannu rabbana, ko shanun ma an sayar an hau lilo ne? Mahaifiyata ta sunkuyar da kai ta shanye. Shekara da shekaru goggo ba ta bar wannan tsiya ba. Azumin kuwa, ɗaya da rabi na yi.

Na je wurare da yawa bayan nan, wasu na biya da tsada, amma ban sake jin abin da na ji a saman lilon nan ba. Da na girma na fi tuna mahaifina yana gudu ba hula, kuma na ɗauka na gama sanin duk abin da ranar ta ƙunsa.

Sai ranar sunan 'yata ta fari. Goggo ta karɓi jaririyar, ta dube ni ta ce, "To, yanzu da kika zama uwa, sai ki biya ni man shanuna." Na ce ai fashewa ya yi. Ta yi dariya har tana tari. Ashe mahaifiyata ta faɗa mata gaskiya tun a wancan zuwan, ta roƙe ta kada in ji. Ba alwala ta je ba. Ta ji dattijon yana yi wa akuyarsa faɗa da Fulatanci, ta je ta gaishe shi da harshensu, ta ajiye masa kwalbar da ta yi wata guda tana tarawa.

Na juya wurin mahaifiyata, tana zaune a bakin gado. Ba ta kalle ni ba, ta ce, "Wa ya ce don ke ne? Ƙannenki ne suka dame ni."

Goggo ta ce ƙarya take. Dattijon ya tambayi mahaifiyata wace ce za ta hau, ita kuma a ranar, a gaban baƙon da ba za ta sake gani ba, ta faɗi sunana.