Dokin Ƙofa a Summerfield

Gari bai gama wayewa ba muka tashi daga Pleasant Garden, ni da wani dattijon cocinmu da muke kira Baba, wanda nake haya a ɗakin bayan gidansa. Shi ke tuƙi, ni kuwa ina gefensa.

Masu bibiyata sun san na daɗe ina rubuta digirina a kan fadar wani babban bishop a wani tsohon birnin Rasha. Ra'ayina shi ne a da ginin ya fi haka girma, an yi masa ƙarin ɗakuna da suka rushe, ko bango bai rage ba. Malamina ya ce magana ce mai daɗi, amma hujja yake so kafin ƙarshen zangon nan. In babu, tallafin karatu ya tsaya, biza ta bi shi, in koma Kafanchan hannu rabbana. Rasha kuma ba ta shiguwa a yanzu. Sai na ji labarin wata tsohuwa 'yar Rasha a Summerfield, wadda ta yi aikin tonon kayan tarihi a fadar lokacin tana budurwa. 'Yarta ta ce in zo da sassafe, don mantuwa ta kama uwar, da safe kaɗai hankalinta ke ɗan dawowa.

Baba yana tuƙi kamar wanda ya ɗauko ƙwai. Elm Street fayau take, sai 'yan tsirarun mutane a tashar bas, kowa ya rungume kofin kofi, amma duk da haka wata mota mai share titi ta wuce mu. Ya kuma tsaya shan mai, ya sayo biskit da soyayyar kaza, yana mitar yadda komai ya yi tsada. Ni kuwa agogo kawai nake dubawa. Da muka fita arewa gidaje suka fara nisa da juna, ga dawakai sanye da barguna, ni da na yi hunturu biyu da jaket ɗaya.

A hanya na roƙe shi: "Baba, don Allah kada a ja gaisuwa. Ba mu da time."

"Ɗana, ba a shiga gidan tsohuwa kamar an zo delivery," in ji shi.

Tsohuwar da kanta ta buɗe ƙofa, 'yar ƙarama, idanunta ba su tsaya a kan kowa ba. A raina na ce mun makara. Baba ko a jikinsa. Daga waje ya cire hula, ya rusuna, ya miƙa hannu biyu, ya fara jero tambayar kwana da jiki da iyali. Sai ta ja hannunta baya, ta ɓata rai, ta damƙi rigarsa ta jawo shi ciki. 'Yar ta yi dariya, ta ce a wurinsu ba a gaisawa a kan dokin ƙofa, ko ka shigo ko a fito maka.

Tsohuwar ta tsaya tana kallon ƙasa, inda ƙafar Baba ta tsallaka. Can ta fara magana da Rashanci, 'yar tana fassara mana. Ta ce a benen fadar sun taɓa ɓare shafen wani bango, suka tarar da ƙofa an toshe ta da bulo. Bayanta babu komai, wanda ya fita sai dai ya faɗo tsakar gida. Amma dutsen dokin ƙofar ya lotsa a tsakiya, ƙafafu sun cinye shi. "Mutane ba sa zarya zuwa inda babu ɗaki," ta ce.

Na tambaya ko an ɗauki hoto. Ta nuna bangon falo. Yana nan a rataye, ita ce durƙushe da tsintsiyar hannu a gefen dutsen, ga lotsawar ƙarara. 'Yar ta ce duk rayuwarta ta ɗauka hoton ƙuruciyar uwarta ne kawai. Ta ba ni izini na ɗauki hotonsa da wayata.

Aka kawo baƙin shayi da jam na 'ya'yan itace a ɗan faranti. Baba ya ajiye mata dambun naman da matarsa ta yi, ya ƙarasa gaisuwarsa tsaf. Kafin shayin ya huce tsohuwar ta dube ni, ta tambayi 'yarta ko ni ne mai gyaran hitar ɗumama gida. Abin ya sosa mini rai, har na sunkuyar da kai.

Mun dawo gida rana ta take. Na aika wa malamina hoton, kuma har yanzu bai amsa ba, don haka kada ku tambaye ni barci. Abin da na koya dai shi ne gaggawata ta kusa sa ni tsallake abin da na je nema, gaisuwar da na so a gajarta ita ta buɗe bakin tsohuwar. Da za mu tafi, na riga na fita sai na tuna ban yi mata sallama ba. Na koma ciki da ƙafa biyu kafin na ba ta hannu. Ba ta san ko ni wane ne ba, amma ta karɓa.