Hannun Hagu na Suwaitar Resi

Ottilie Brandl ba mace ce mai sanyin hali ba. Duk ƙauyensu na Bavariya an san bakinta, an kuma san hannunta. Ta taɓa fasa wa mahauci leɓe da ƙashin alade don ya kira 'yarta Resi rabin mutum, kuma ni dai ban ga laifinta ba. Saƙa ce sana'arta. Mijinta ya tafi yaƙin Rasha bai dawo ba, ya bar ta da tunkiya ɗaya da yarinyar nan mai shanyayyen hannun hagu, ga farfaɗiya.

Ranar da hukuma ta zo ɗaukar Resi zuwa gidan jinyar yara, wai magani za a yi mata, sai da 'yan sanda biyu suka danne Ottilie a ƙasa, ɗayansu ya tafi da shatin haƙoranta a kunne. Da ƙyar ta zura wa yarinyar suwaitar da ta saƙa da ulun tunkiyarta, rinin ɓawon albasa, hannun hagu gajere daidai da na mai ita. Kafin sanyi ya wuce aka ce Resi ta mutu da ciwon huhu. Ba gawa, ba kabari.

Bayan yaƙi aka gurfanar da ma'aikatan gidan. Ottilie ta hau jirgin ƙasa zuwa kotun, abu ɗaya take so ta ji: a hannun wa 'yarta ta cika, kuma ta yaya. Shaidu suka faɗi yadda ake zuba wa nakasassun yara maganin barci a kunu har numfashi ya tsaya, wanda ya ƙi haɗiya a toshe masa hanci a ɗura. Sista Irmgard, nas ɗin ɗakin 'yan mata, ta rantse ba ta taɓa ganin wata Resi ba.

Da aka tashi hutu, ana wucewa da Irmgard ta baranda, wata 'yar yarinya ta ruga wajenta tana kiran Mama. Suwaitar jikinta launin ɓawon albasa ce. Hannun hagun an ƙara masa tsawo da ulu ruwan toka.

Ottilie ta cafke yarinyar ta hau tuɓe ta. Ɗan sanda ya sauke mata kulki a kafaɗa, ta kai masa gwiwar hannu a hanci, jini ya ɓalle. Yarinyar na ihu, ta ƙanƙame bakin rigar.

Irmgard ta ce, "Sakar min 'ya, mahaukaciya kawai!"

"Rigar wa ce wannan, Sista? Ke da ba ki san Resi ba?"

"To me gawa za ta yi da ulu? Taki ma haka ta ƙanƙame. Allura biyu na yi mata ba ta saki ba, sai da na karya mata yatsu."

Lauyan gwamnati na tsaye a barandar yana ji. Ottilie ta dubi hannunta, ta ga yatsun yarinyar a cikin nata, har ta fara lanƙwasa su baya. Tsoron kanta ya kama ta. Ta saki, ta ja rigar ta rufe wa yarinyar ciki, ta gyara mata hannun hagun.

Shekaru kaɗan aka yanke wa Irmgard. Ottilie ta koma ƙauye ta tsufa tana wankau, ba ta ƙara saƙa ba, ba ta ƙara dukan kowa ba. Mahaucin nan ya sha tsokanarta ko za ta tanka, sai dai ta dubi yatsunta ta wuce.